KAFIN A AIKA WA YARA FIM GIDA

Duk lokacin da Salla ta gabato, tashoshin mota na Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal sukan cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar tafiya gida, da kuma waɗanda sha'anin neman abinci ya hana su tafiya, suka zo ba da saƙo. A da, tsarabar Kurmi ba ta wuce goro da manja da atamfa da 'yan takalman yara ba. A yau kuwa an sami ƙari a cikin ƙunshin, wato wayar hannu, ko kuwa ɗan katin nan na memori wanda bai wuce farcen yatsa girma ba, amma yana iya ɗauke da finafinai fiye da waɗanda babban gidan silima kan nuna a wata guda. Magidanci yakan tsaya a shagon masu tura finafinai, ya ce a zuba masa na yara, ya biya, ya damƙa wa direba, ya koma bakin aikinsa yana murna ya faranta wa iyali rai. Sau da yawa kuwa bai kalli ko minti ɗaya na abin da ya aika ba. A kan wannan al'amari ne wannan jarida take so ta jawo hankalin masu karatu a yau.

A ɗauki garin Lambata misali, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, daidai inda hanyar Lapai da Bida ta ɓalle. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san gari ne na mararraba, inda manyan motoci ke yada zango, kuma duk abin da ya fito daga birni, mai kyau da marar kyau, ba ya daɗewa bai sauka a can ba. A irin wannan gari, wayar da uba ya aiko daga Agege ko Sabon Badun ba ta ɗansa ce shi kaɗai ba. Da zarar an idar da sallar isha'i, yaran gidan da na maƙwabta sukan yi mata rumfa, daga ɗan shekara 3 har zuwa ɗan shekara 13, kowa ya zura ido. Uwa tana can tana fama da wanke-wanke, kaka kuwa in ta leƙo ta ga zane ne ke motsi, sai ta ce ai wasan yara ne, ta koma kan tabarmarta. Ke nan kati ɗaya da aka saya ba tare da bincike ba yana iya shiga kan yaran unguwa guda a dare ɗaya.

Tushen kuskuren shi ne zaton da jama'a suke yi cewa kowane fim na zane, wato abin da ake kira katun, don yara aka yi shi. Wannan zato ba shi da tushe. Zane hanya ce kawai ta ba da labari, kamar yadda alƙalami yake rubuta wasiƙar gaisuwa kuma ya rubuta takardar sammaci. A shekarar 1988 mutanen Japan suka fito da wani fim na zane mai suna Akira, labarin wani birni na zamani mai zuwa, wanda masana suke yabawa har yau, amma cike yake da zubar da jini da halittu masu tayar da hankali, har hukumar da ke sa wa finafinai alama a Amurka ta sa shi cikin jerin na manya. Haka kuma waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 da 1990 ba za su manta da Voltron ba, wanda gidajen talabijin na ƙasar nan suka riƙa nunawa da yamma. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, asalinsa shirin Japan ne na 1981, kuma sai da Amurkawa suka zauna suka yanke wuraren kisa da jini kafin su nuna wa 'ya'yansu shi a 1984. Ashe ko waɗanda suke da wannan sana'a a hannu ba su yarda a miƙa wa yaro zane ba sai an tace.

Kada kuma a ɗauka cewa idan labari na addini ne to shi ke nan an huta da bincike. Fim ɗin zane na Bilal, wanda wani kamfani na Dubai ya shirya a 2015 bisa tarihin Sayyidina Bilal ɗan Rabah, Allah Ya ƙara masa yarda, yana nuna azabar da aka yi wa bayi da kuma fagen yaƙi, don haka a Amurka aka sa masa alamar da ke gargaɗin iyayen yaran da ba su kai shekara 13 ba. Niyyar masu shi tagari ce, amma ƙaramin yaro hoto yake gani, bai san niyya ba.

Wannan jarida ba ta goyon bayan masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya, a hana yara kallon labaran kimiyya da na sararin sama. Yin haka ba zai yiwu ba, kuma ko da zai yiwu, asara ce. Hausawa ba baƙin irin wannan labari ba ne. A shekarar 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata da kumbon Afolo, marigayi Umaru Dembo ya fito da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Ɗalibai da yawa na Arewa sun karanta shi a makaranta, bai kuwa raba kowa da addininsa ko ladabinsa ba, sai ma buɗe musu ido da ya yi. Ƙasar da take son ta sami injiniyoyi da likitoci da matuƙan jirgin sama tana bukatar yaran da suka saba tambayar yaya abu kaza yake aiki. Abin da ake nema shi ne awo, a san wane fim ya dace da wane yaro, kuma a wane lokaci.

Domin kada magana ta tsaya a kan iska, bari a ɗauki fim guda a auna shi a gaban jama'a. A ranar 28 ga Fabrairu, 2024, kamfanin Disney na Amurka, tare da wani kamfanin matasan Afirka mai suna Kugali, suka fito da Iwájú, kalmar Yarabanci mai nufin gaba. Cikin waɗanda suka kafa Kugali akwai 'yan Nijeriya biyu, Olufikayo Adeola da Tolu Olowofoyeku, da Hamid Ibrahim ɗan Uganda. An raba labarin kashi 6, kuma an gina shi ne a kan birnin Ikko na zamani mai zuwa, inda motocin masu hali ke tashi sama su tsallake cunkoso, 'yan talla kuma su bi su da na'urori masu tashi. Mazauna Ikko za su gane garinsu a ciki, da kasuwanninsa da hayaniyarsa da kuma tazarar da ke tsakanin masu zama a tsibiri da masu zama a tsallaken gada.

Tauraruwar labarin wata yarinya ce, Tola, 'yar shekara 10, ɗiyar wani attajiri masanin na'urori wanda aiki ya sha masa kai har ba ya samun lokacin zama da ita. Ya ba ta kyautar ƙadangare, wanda a haƙiƙa mutum-mutumi ne da aka ƙera don tsaron yara daga masu sace mutane. Abokinta Kole yaron gidansu ne, talaka, uwarsa kuma tana kwance ba lafiya. Sai wani ƙasurgumin mai satar yara, Bode, wanda shi ma cikin talauci ya tashi, ya yi amfani da ciwon uwar ya matsa wa Kole lamba har ya ba da kai. Tola ta tsallaka cikin gari ba da yardar ubanta ba, ta faɗa hannunsu. A ƙarshe Kole ya yi nadama, aka kuɓutar da ita, mugu kuma ya girbi abin da ya shuka.

Alherin wannan fim a fili yake. Yaro baƙar fata zai ga mai kama da shi yana ƙera na'ura, ba kullum Bature ba. Zai ga cewa dukiya ba ta maye gurbin zaman uba da ɗansa, wanda darasi ne da ya kamata ya taɓa zuciyar duk magidancin da ke shekara bai ga iyalinsa ba. Zai ga cewa talauci yana iya tura mutumin kirki bakin rami, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Masu karatu da yawa masu gadi ne da direbobi da masu aikin gida a Ikoyi da Lekki, sun kuwa san zafin zargin da ake yi wa bara duk ranar da wani abu ya faru a gidan maigida. Fim ɗin ya taɓo wannan miki, amma bai bar yaron gida a matsayin maci amana ba, ya nuna dalilinsa, ya kuma wanke shi da aikinsa na ƙarshe.

Amma fa ginshiƙin labarin satar yara ne don neman kuɗin fansa, kuma a nan ne ya wajaba uba ɗan Jihar Neja ya tsaya ya yi tunani. A Amurka an sa wa shirin alamar a kalla da sa-idon iyaye, to amma wanda ya sa wannan alama yaron Amurka ya duba, wanda satar ɗalibai daga makaranta take zame masa tatsuniya. Yaron Lambata jiha ɗaya yake da Kagara, inda aka sace ɗalibai 27 na kwalejin kimiyya ta gwamnati a ranar 17 ga Fabrairu, 2021. Jiha ɗaya yake da Tegina, inda aka kwashe yara fiye da 100 na makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko a ranar 30 ga Mayu na wannan shekara, suka yi kusan wata 3 a daji, waɗansunsu ma ba su dawo da rai ba. Jiha ɗaya yake da Papiri, inda aka kwashi fiye da mutum 200 daga wata makarantar kwana a Nuwamba, 2025. Ya ji manya suna zancen a zaure da murya ƙasa-ƙasa, ya ga yadda uwarsa take firgita in ya yi jinkirin dawowa daga makaranta. Abin da yake nishaɗi ga wancan yana iya zama famin rauni ga wannan.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Da Ingilishi da Buroka da ɗan Yarabanci ake magana a fim ɗin. Yaron da ya tashi a Ajegunle ko Idi-Araba zai bi labarin daga farko har ƙarshe, ya fahimci dalilin Kole, ya gane cewa daɗin bakin Bode yaudara ce. Ƙaninsa da ke gida, wanda Hausa ko Gwaranci kaɗai yake ji, duk wannan zai wuce shi. Abin da zai rage masa shi ne ƙaton mutum mai ban tsoro, da yarinya a tsare, da mota mai tashi. Darasin yana cikin magana, tsoron kuwa yana cikin hoto, kuma hoto ba ya bukatar tafinta.

Saboda haka hukuncin wannan jarida a kan Iwájú shi ne, fim ne mai kyau ga yaro ɗan shekara 10 zuwa sama, muddin akwai babba a kusa wanda zai fassara masa, ya kuma tattauna da shi bayan an gama. Bai dace a bar ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 7 su kalle shi ba, balle da dare, balle su kaɗai. Waɗanda ke tsakani, uwa ce ta san mai ƙarfin zuciya da mai firgita cikin barci, ita ya kamata a bar wa zaɓi. Yaron da aka taɓa sace wani nasa kuwa, ko aka taɓa kai wa ƙauyensu hari, a jinkirta masa ko da shekarunsa sun kai.

Don a ga bambanci, a dubi WALL-E na kamfanin Pixar, wanda ya fito a 2008. Labarin wani ɗan mutum-mutumi ne da aka bari yana tattara shara bayan mutane sun cika duniya da bola sun gudu sararin sama shekara 700. Kusan babu magana a farkon fim ɗin, don haka rashin jin Ingilishi ba zai hana yaro fahimta ba, kuma an sa masa alamar kowa da kowa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen tsibin sharar Olusosun a Ojota ya san gargaɗin da ke cikinsa ba wasa ba ne. Amma kamfanin nan guda shi ne ya fito da Lightyear a 2022, wanda ƙasashe fiye da 10, ciki har da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya, suka ƙi yarda a nuna a silimominsu saboda wani ɗan wuri na 'yan daƙiƙoƙi inda mata biyu ma'aurata suka sumbaci juna. Abin lura a nan shi ne, sunan kamfani ba ya zama shaida, kuma kowace al'umma da ma'auninta take awo. Kama da wane ba ta wane.

To, yaya magidancin da ba shi da ilmin boko mai zurfi, ba shi kuma da lokaci, zai yi wannan awo? Abu na farko, ya kalla da kansa kafin ya aika, ko da a daren Lahadi ne bayan an tashi daga kasuwa, domin gani ya kori ji. In ba zai iya ba, ya ba wani amintacce, ƙane ko malamin makaranta, ya kalla masa. Yana kallo yana tambayar kansa: shin akwai kisa ko azaba ko jini da zai hana yaro barci? Akwai tsiraici ko zancen da ba zai so a maimaita a gaban surukinsa ba? Wane ne gwarzon labarin, kuma da me ya ci nasara, da gaskiya da dabara ko da rashin kunya ga manya? Mugu ya ji kunya a ƙarshe, ko kuwa an ƙawata shi har yaro zai so ya zama shi? Akwai abin da ya taɓa aƙida, kamar na'ura mai rayar da matacce, wanda ke bukatar a ce wa yaro wannan ƙage ne? Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi ya yi rabin aikin hukumar tace finafinai a cikin ɗakinsa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Fim ko mai kyau ne, in ya ci lokacin makarantar allo da Islamiyya da aikin gida da barci, ya zama cuta. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Abu na uku, uba ya buga waya ya tambayi yaro abin da ya gani, ya bar shi ya ba da labarin da bakinsa. A nan ne zai ji abin da ya zauna a zuciyar yaron, ya gyara abin da ya karkace tun da sauran danshi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakannin da suka yi wa jikoki tatsuniyar Gizo da Dodo ba su taɓa barin yaro shi kaɗai da Dodo ba. Mai ba da labarin tana zaune kusa, tana ganin idonsa, in tsoro ya yi yawa ta sassauta.

Nauyin bai tsaya kan iyaye kaɗai ba. Tun 1993 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Bidiyo ta Ƙasa, tana kuwa da alamominta, irin su G da PG da 12 da 15 da 18, waɗanda ke nuna shekarun da suka dace. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar a 2001. Amma an tsara waɗannan dokoki ne a zamanin gidan silima da kaset, lokacin da fim ke da ƙofa da mai gadi da kwali mai ɗauke da alama. Katin memori ba shi da kwali, fim ɗin da aka kwafo daga intanet kuma sau da yawa an guntule masa kai inda alamar take. Wannan jarida tana kira ga hukumar ta ƙasa da ta bayyana ma'anar alamominta da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo, domin harafin PG ba ya gaya wa tsohuwar Lambata komai. Tana kira ga Gwamnatin Jihar Neja da ƙananan hukumominta su zauna da masu shagunan tura finafinai da masu gidajen kallo, a yi yarjejeniya cewa za a ware na yara daban, kuma ba za a zuba wa yaro ƙarami abin da ya fi ƙarfinsa ba don kwaɗayin 'yan kuɗi kaɗan. Masu fassara finafinan waje zuwa Hausa su ma su riƙa faɗin shekarun da suka dace da bakinsu a farkon kowane fim, tun da muryarsu ce yara suka fi sani.

Haka nan sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran zangunan Kurmi, da limamai, da shugabannin rassan jam'iyya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, suna da bakin da jama'a ke ji. Kalma ɗaya bayan sallar Juma'a a makon da ake shirin aika tsarabar Salla za ta yi amfani ƙwarai. Masu shirya finafinai na Kano da Kaduna da Jos kuwa, abin kunya ne a ce har matasan Ikko sun kai labarin garinsu gaban duniya da zane, kuma tun a Disamba, 2020 aka nuna dogon fim ɗin zane na farko da 'yan Nijeriya suka shirya, wato Lady Buckit and the Motley Mopsters, alhali Kilba yana nan kwance cikin littafi fiye da shekara 50 yana jiran mai tashe shi. Hanya mafi sauƙi ta raba yaro da abincin da ba a yarda da shi ba ita ce a dafa masa na gida mai daɗi.

Babu wanda ya bar garinsu ya zo Kurmi yana shan rana da ruwan sama da wulakancin masu gidan haya sai don 'ya'yansa su fi shi jin daɗi. Zai zama babbar asara a ce mutum ya yi shekara da shekaru yana aika kuɗin abinci da na makaranta, sa'an nan da hannunsa ya aika abin da zai ɓata tarbiyyar da yake wahala dominta, ko ya cusa tsoro a zuciyar ɗan da yake so ya zama jarumi. Mai sayen goro yakan buɗe huhu ya duba kafin ya biya. Katin da za a miƙa wa yara ya fi cancantar a buɗe shi a duba. Allah Ya shirya zuriya, Ya kawo zaman lafiya a Jihar Neja da ƙasa baki ɗaya, Ya mai da kowane matafiyi gida lafiya, amin.